Rinin Shugaban Matasa

"Ku ƙwace makirufon nan!" in ji shugaban matasa.

Aka ƙwace. Malamar makarantar da aka ƙwace wa ta ɗaga murya.

Kujera ɗaya ce tak: wakilin da zai je taron matasan nahiya ya faɗi irin goben da suke so. Ita ta fito takara. Shi kuwa tun tana cikin zanen goyo yake zuwa, ya dawo da hotuna da tumbi.

"Me ka faɗa musu bara?" ta tambaye shi. "Ka ce masu digirinmu na tura baro? Ka ce yayana ya nitse a teku garin neman abin da aka hana shi a gida?"

"Ke, marar kunya! Ku manyan gobe ne, ku jira goben!"

"Uwata ma haka ka ce mata."

Aka ɗauke wuta, fankoki suka tsaya. Ya miƙe yana dukan tebur, yana rantsuwa shi matashi ne gar. Gumi ya keto masa. Wani baƙin layi ya gangaro daga gashinsa, ya bi kunne, ya sauka kan farar rigarsa. Furfura ta leƙo.

Magatakarda ya ce masu goyon bayan shugaba su ɗaga hannu. Hannaye suka fara tashi a tsorace.

Ta taka har gabansa, ta russuna, ta miƙa masa hankici.

"Baba, goge. Ƙuruciyarka na zuba."

Ɗaya bayan ɗaya, hannayen suka sauka.