Alewar Cikin Jaka

A bakin tafkin Jabi, Muhyiddeen ya kasa haɗa ido da budurwarsa Khairat.

"Hajiyarmu ta ce ba zan auri mai ciwon suga ba. Wai mai lafiya ta dace da ni, wadda za ta kula da ni."

Khairat ta yi murmushin gajiya. Ciwonsu ɗaya, allurarsu ɗaya.

"Wato naka abin tausayi ne, nawa kuwa aibi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta zaro alewar da take yawo da ita a jaka saboda faɗuwar sugansa, ta damƙa masa.

"Ungo. Ka koya wa mai lafiyar gane rawar hannunka in suganka ya faɗi. Ni tawa, ko kai ba ka taɓa lura da ita ba."