Mai Lasisin Dindindin

An sake raba sababbin kofunan shayi a ofis, kuma duk wanda ya daɗe a kamfanin ya san ma'anar haka: an sake sayar da su.

Injiniya ta jujjuya nata a hannu. Tambarin masu kamfanin na farko ɗan makulli ne, na waɗanda suka biyo baya garkuwa, wannan kuwa wani shuɗin zagaye ne da ko sabon manajan bai iya faɗin abin da yake nufi ba. Manhajar dai tana nan yadda take, ta kulle wa mutum bayanansa a kwamfuta, ba mai buɗewa sai mai kalmar sirri. Masu ita ne ke ta sauyawa kamar 'yan haya.

Kowane sabon mai saye da sallamar ma'aikata yake fara gaisuwa. Waɗanda aka ɗauka tare da ita duk sun watse. Ita kaɗai ta rage a teburin lungu kusa da firinta, tana kula da tsohuwar manhajar da kowa ya daɗe da ƙaura daga kanta.

Kowa, ban da mutum ɗaya.

Masu kamfanin na farko, lokacin da suke neman kasuwa ido rufe, sun taɓa sayar da lasisin dindindin. Sharaɗinsa kuwa mai ɗaci ne: duk wanda ya sayi kamfanin ya gaji alƙawarin kula da tsohuwar manhajar, muddin akwai mai irin wannan lasisi da ke amfani da ita. Saura duk an lallashe su sun koma sabuwa, wannan ɗaya ya kafe. Kamfanin sirri ba ya ajiye sunan kwastoma, lamba kawai yake sani, don haka 'yan ofis suka raɗa masa Dindindin.

Dindindin kuwa ɗan fitina ne na gaske. Saƙonsa kullum bayan azahar yake shigowa, duk da manyan baƙaƙe, kamar mai bugawa da yatsa ɗaya. Yau ya kulle fayil ya kasa buɗewa, gobe ya buɗe ya kasa kullewa, jibi yana son sanin wanda ya ba da izinin sauya launin tambari. Injiniya takan yi masa tsaki da rana, da yamma ta yi masa addu'ar tsawon rai, don ta san ranar da ya bari, ranar za a ɗauke teburin lungu.

A gida takan zazzage wa Baba labarinsa. Tun da Mama ta rasu su biyu ne a gidan, ita da tsohon direban da ya kai ta makaranta da guminsa. Yakan zauna a kujerarsa, tsohuwar kwamfutar da ta ba shi don kallon ƙwallo tana kan cinya, ƙaramar wayar nan mai maɓallai da ya ce don rediyo kawai yake riƙe ta tana aljihu.

"To Auta, su wa kuma suka saye ku?" in ji shi, da ya ga sabon kofi.

"Wasu ne, Baba. An ce ba su da wasa."

"Shi mutumin naki fa, yana nan?"

"Yana nan daram. Wallahi ina jin ba shi da aikin yi."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce tsofaffi haka suke, sai haƙuri.

Ta taɓa gaya masa cewa in kwastoma ya daɗe bai yi motsi ba, lauyoyi na iya cewa lasisin ya mutu. A makon nan Dindindin ya kusa kashe ta da tambayoyi, amma ita ba ta kawo komai a ranta ba.

Sababbin masu kamfanin da gaske ba su da wasa. Manajan ya kira ta ofishinsa, ya yi mata murmushin da ke zuwa kafin mugun labari. Lauyoyi sun tono lambar wayar da mutumin ya bari tun ranar da ya sayi lasisin. Za a ba shi sabuwar kwamfuta dal, da sabuwar manhaja kyauta, da duk abin da ya nema, in dai zai saki.

"Ke ya saba da ke," in ji manajan. "Ke za ki kira shi."

Wato ita za ta roƙi mutum ya yarda a kore ta. Ta kasa kira a ofis. Ta riƙe lambar har gida, tana tunanin maganin hawan jinin Baba da kuma yadda za ta dube shi ta ce aikin da yake alfahari da shi ya ƙare. Wa zai ƙi sabuwar kwamfuta saboda wata ma'aikaciyar da bai taɓa gani ba?

Ta tarar da Baba a falo yana gyangyaɗi. Ta zauna a gefe, ta buga lambar. Kiran ya fara shiga.

Sai wani siririn kiɗa ya tashi a cikin falon. Baba ya buɗe ido ɗaya, ya laluba aljihu ba gaggawa, ya ciro 'yar wayar rediyon, ya kara a kunne yana kallonta ta saman tabarau.

"Ki gaya musu ba na saki, Auta," in ji muryar, a kunnenta da kuma a gabanta lokaci guda. "Ranar da suka ɗauke ki aiki na saya."