Allurar da Ta Ce Inji Na Tafasa

Ga wani misali, ka saurara da kyau. Wani direba ne mai jigilar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kudu. Wata rana yana tsakiyar hanya, sai allurar da ke nuna zafin inji ta haye ja ta kafe. Ya gangara gefen titi ya jira motar ta huce, ya ci gaba, allura ta sake hayewa. Haka ya yi ta tafiya yana tsayawa, rana na dukan kwanduna, har tumatir ya fara tsiyaya ta ƙasan bodi. Bakaniken farko ya wanke lagireto. Na biyu ya canja fanka. Na uku ko bonet bai buɗe ba, ya leƙa allura kawai ya ce sai an sauke inji, aikin mako biyu, ga kaka na wucewa. Direba ya kusa amincewa, amma wani abu ya tsaya masa a rai. Shi dai ya san motar da ta yi zafi: tana tururi, tana ƙauri, ruwanta na raguwa, ƙarfinta na mutuwa a hawan tudu. Tasa kuwa tana ja kamar ba abin da ya same ta, ruwan lagireto ko cokali bai ragu ba. To wane irin zafi ne wannan da ba ya shan ruwa?

Washegari da safe ya kai tambayar wurin wani tsohon mai gyaran wayoyin mota, wanda rumfarsa ke daura da inda motar ta kwana. Tsoho ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Allura ta yi tsalle ta nufi ja. Ya kama hannun direba ya ɗora a kan inji, sanyi ƙalau. Ya ce, "Malam, injin da ya kwana a kashe, a ina ya samo wuta?" Daga nan ya nuna masa wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsa ba, a ɗaure a jikin inji da waya a kansa. Sensa ke nan, shi ke jin zafin ruwa ya aika wa allura labari. Tsoho ya zare wayar, allura ta faɗo ƙasa. Ya kwance sensan, ya haɗa shi da mita, ya tsoma a ruwan randa, sannan a tafasasshen ruwan mai shayi. Direba ya tsuguna ya ƙura ido, ya ga lambar mita ko motsi ba ta yi ba. Ashe ɗan aiken ya daɗe da lalacewa, magana ɗaya ya riƙe yake ta maimaitawa. Aka ɗaura sabo, allura ta zauna a tsakiya, motar ta kama hanya kafin hantsi ya dubi ludayi. Rabin tumatirin dai ya riga ya tafi juji, amma lafiyayyen inji ya tsira daga farkewa.

Mutum uku sun saurari labarin zafi, na huɗu ne ya kai hannu ya taɓa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, gani ya kori ji.