Kan Doya

Doya ɗaya tal ta rage a gidanmu na Salaga ranar da kawuna ya sauka daga Yendi ba zato. Bayan la'asar Mma, mahaifiyata, ta zauna a bakin murhu da wuƙa. Ina tsugune kusa da ita, cikina sai ƙugi yake.

Kafin ta fara ferewa, sai ta datse kan doyar, ta shafa toka a wurin yankan don kada ya ruɓe, ta ajiye shi a gindin randa.

Na ce, "Mma, ga baƙo, doyar ba ta isa ba, kuma kina ragewa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan ba na yau ba ne, na shuka ne. Ɗauko mini rogo."

Ta haɗa doya da rogo ta kirɓa sakwara. Kawu ya ci har ya bar saura, ni na share kwanon.

Yanzu a Bawku nake, da gas nake girki, kuma doya ba ta yanke mini. Amma da zarar na ɗauki wuƙa, 'yata ba ta jiran in yi magana, sai ta tafi maƙwabta roƙon toka.