Mafakar Goggo Tabawa

Tun da aka binne na'urorin jin motsin ƙasa a jikin dutsenmu, kowane gida na sama an ba shi gidan da zai fake a ƙasa idan ƙaho ya yi kuka. Goggona Tabawa, na'ura ta zaɓa mata gidan Ɗanjuma, mijin 'yarta ta fari.

Sau uku ina roƙon kwamitin garinmu su canza mata. Sai su ce, "Sagir, kai dai da gaggawa. Allah zai kiyaye."

Yau da hantsi ƙahon ya yi kuka. Na same ta tana tsince wake.

"Goggo, tashi. Ƙasa tana motsi."

"In je in zauna gidan suruki? Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba."

"Kunya ce za ta tare miki dutse?"

"Boko ya lalata ka. Kama hannun maƙwabcina makaho ku sauka, zan biyo ku."

Kafin azahar gangaren ya rufto.

Shugaban kwamiti ya zo ta'aziyya, ya ce kwana ne ya ƙare. Ni kuwa Ɗanjuma nake kallo. Tun da safe ya koma gidan ƙaninsa don ya bar mata gidan, amma ya ji nauyin hawa ya faɗa mata.