Warin Gas a Jirgin Baba

"Kunna mana hitar gas ɗin nan mu ji ɗumi, 'yammata, sanyin tsibirin Chiloé zai kashe ni," in ji Don Aníbal, wanda Mama ta nemo ya sayi jirgin ruwan marigayi Baba. Daga birnin Santiago ya zo da farar hular kyaftin, mutumin da ko takalminsa bai taɓa jiƙewa ba.

Na ce, "Kyaftin, ba a kunnawa haka kawai. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye a ƙasan jirgi yake kwanciya. Sai an sansana tukuna."

"Kamar kare?"

"Kamar mai son ya ga gobe."

Na durƙusa na kai hancina kan katako. Na daɗe. Sannan na ɗago na ce, "Akwai wari. Kowa ya fita, kar a taɓa ashana."

Kyaftin ya riga hularsa isa tudu. Ciniki ya watse.

Mama ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Nélida, da hannuna na cire tukunyar gas ɗin nan, tun ranar da aka daina neman Babanki a teku. Me kika ji?"

Na shafa katakon. Mu dai ba mu da kabarin da za mu je.

"Warin tabarsa, Mama. Da rigar ulunsa in ta jiƙe. Nan kaɗai ya rage."

Ta dubi ƙofar jirgin. Can ta ce, "Ja ƙofar nan, kar iska ta tafi da shi."

Ta tattare siket ɗinta, ta durƙusa a gefena.

"Matsa can."