Kunnen Kawu Milisav

Vukashin ya ajiye kwamfutarsa tsakanin gasasshen alade da kwanon dafaffiyar alkama, ya goge ta da hannun riga. Ranar bikin shekara-shekara na waliyyin gidan Kawu Milisav ce, makaɗan garin Nish sun cika falon, kowa bakinsa cike da nama da ra'ayi.

Shi ba ci ya kawo shi ba. Zoritsa, mawaƙiyar da ake ɗage biki don a same ta, za ta yi sabon faifai, kuma mutum biyu ke neman aikin: shi da Strahinja. Ta ba su muryarta a waƙa ɗaya, ta ce kowa ya haɗa kiɗansa, wanda Kawu Milisav ya zaɓa shi ne nata. In aikin nan ya kuɓuce, Vukashin ya san situdiyonsa shagon gyaran waya zai koma kafin bazara.

Rigimar kuwa ta manhaja ce, kaya marar nauyi da ba ka iya ɗagawa ka duba ƙasansa kafin ka taya. Vukashin da manhajar da ake kira Bajamushiya yake aiki tun gashinsa yana baƙi. Tsada gare ta, koyonta sai an sha wuya, amma a cewarsa tana fitar da sauti tas, har numfashin mawaƙi ana ji. Strahinja kuwa da wata manhaja, Mai Lemu, yake yi, wadda ta cinye gari. Ka danna ƴan akwatuna, ganga ta fara bugawa. Direban tasi yana da ita, ɗan mahauci yana da ita, kowa ya zama mai haɗa kiɗa.

"Kawu Vukashin, har yanzu da keken shanun nan kake fama?" in ji Strahinja yana jona wayoyinsa. "Leƙa intanet ka gani. Masu amfani da ita ku nawa kuka rage? Kai da wani likitan haƙori a Jamus."

"Ƙuda ma sun fi mutane yawa a kasuwar kifi," in ji Vukashin. "Kai ba kiɗa kake yi ba, ɗana, ƙusa kake bugawa."

"Ƙusar tana sa a yi rawa."

"Ku bar cika baki, miya tana hucewa," in ji Zoritsa tana duba farcenta.

Kawu Milisav yana zaune a kujerar mai gida, a gaban tebur. Shi ne ya naɗi muryar duk wani tsohon mawaƙi na kudancin ƙasar tun zamanin kaset, kuma an ce yana gane sako-sakon tsirkiya daga tsallaken titi. Tsufa ya rage masa magana, abin da ya ƙara masa farashi. Yana kallon bakin mai magana ƙur, har mutum ya ji kunyar shirmensa. Matarsa Inna Stamena ce ke amsa gaisuwa da waya, don kada a dami kunnen.

Aka ɗora lasifika biyu a kan tebur. Tsohon ya lumshe ido, ya shimfiɗa tafin hannunsa a gefen faranti, yadda ya saba.

Na Vukashin aka fara. Ya rage ganga, ya bar akodiyon, kayan kiɗan nan da ake ja ana matsewa, yana bin muryar Zoritsa a hankali. Wata tsohuwa ta share ido. Vukashin ya gani, ya gyara zama.

Sai na Strahinja. Cokula suka hau rawa, kare ya fice daga ƙarƙashin kujera, wata yarinya ta saki kofi ya tarwatse a bayan tsohon. Ko gezau bai yi ba. Makaɗa suka dubi juna: ka ga natsuwar gwani.

Kiɗa ya tsaya. Kawu Milisav ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa, ya nuna Strahinja.

Nan take kowa ya zama ya riga ya sani. Mai busa sarewa ya ce shi ma ya ji wani sanyi-sanyi a sautin Bajamushiya. Tsohuwar da ta yi hawaye ta ce albasa ce. Zoritsa ta sumbaci Strahinja a kumatu, ta ce wa Vukashin ya gaida gida.

Vukashin bai yi gardama ba. Da wani ne ya yanke, da ya ce haɗin baki ne, amma wannan kunnen ba ya ƙarya. Ya koma situdiyo ya saurari aikinsa har ya fara jin sanyin da ake faɗa. Ya sayar da Bajamushiyarsa a wulaƙance, ko tayi bai tsaya yi ba, ya sa Mai Lemu, ya zauna da furfurarsa yana danna akwatuna. Sauran tsofaffin da suka rage su ma suka bi, tunda Vukashin ma ya bi.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: yana son ya ji daga bakin gwani inda ya kuskure. Ya sayi garin kofi, ya tafi da hantsi.

Ya tarar da tsohon a bayan gida, ya ba shi baya, yana ɗaure reshen inabi. Vukashin ya cire hula.

"Kawu, ban zo ƙorafi ba. Na karɓi hukunci, har na canja manhaja. Ka faɗa mini kawai, muryar ce na binne, ko akodiyon ne ya yi kaifi?"

Tsohon ya ci gaba da ɗaurinsa. Vukashin ya maimaita, ya ƙara ladabi.

Inna Stamena ta fito da kwandon shanya, ta karɓi kofin ta juya shi ta ga ko mai kyau ne.

"Wahalar da kanka kake yi, ɗana," in ji ta. "Wanda ya fi girgiza masa tebur yake nunawa. Zagaya ta gabansa ya ga bakinka, tun kafin a aurar da autarmu rabonsa da jin ko tsawa."